Daga Shabu zuwa bakin kogi: Abin da rigar kariya ke iyawa da wanda ya fi ƙarfinta

Mai karatu, idan ka taɓa bin hanyar da ta taso daga Akwanga ta nufi Lafiya, to ka ratsa Shabu ko da ba ka tsaya ba. Da zarar ka baro duwatsun Nasarawa Eggon, ƙasa ta shimfiɗe, gonakin doya da rogo sun jeru dama da hagu, Shabu ce ke yi maka maraba kafin ka shiga babban birnin Jihar Nasarawa. A nan Jami'ar Jihar Nasarawa ta ajiye tsangayarta ta koyar da aikin gona, kuma sarkin garin Sangarin Shabu ake kiran sa. A bakin titi za ka ga tulin doya da buhunan agushi da gawayi, ka ji ana ciniki da Hausa, amma da mai saye ya juya baya sai 'yan kasuwar su koma yarukansu na gida, kowa da nasa.

A watan Satumba na je, damina ta yi nisa, ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Sunan ɗan yayana ne ya kai ni, ba aiki ba. Abin da ya jawo wannan rubutu wata riga ce mai launin ruwan goro da na gani ɗaure a kan sirdin babur ɗin Yaya, an naɗe ta biyu an tamke da roba. Na ɗauka tsohuwar katifar yara ce aka yanko. Da na duba sai na ga rigar kariya ce, irin wadda ake sakawa idan za a shiga jirgin ruwa.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Raba mana aka yi a bakin kogi bara. Hanyar gona ba kyau, ita ke rage min jijjiga. Ai tana nan, ranar da ruwa ya yi yawa sai in saka."

Yaya manomin shinkafa ne, gonarsa tana wata fadama a tsallaken kogi, tafiyar kusan awa guda a babur daga Shabu. Da rani kogin ba ya wuce gwiwa, har da babur ake ratsa shi. Da damina kuwa sai da kwale-kwale. Haka rayuwar dubban iyalai take a wannan jiha: gida a nan, gona ko kasuwa ko dangi a can, ruwa a tsakani. Kudancin jihar ya jingina da Kogin Binuwai, ga Kogin Mada da ƙananan koguna masu zuba a cikinsa, kuma duk sukan cika su batse daga watan Agusta zuwa Oktoba.

Ba labarin nesa ba ne. A watan Agustan 2023 kwale-kwale ya kife a yankin Arikiya, cikin wannan Ƙaramar Hukumar ta Lafiya, mutum 12 suka rasu. Kafin nan, a ƙarshen Nuwamban 2021, mun ji na Bagwai a Jihar Kano, inda jirgin da ya taso daga Badau ya nutse a madatsar ruwa ta Watari, akasarin waɗanda suka rasu yara ne ɗaliban Islamiyya. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kaɗai mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin tunatarwa a kan wannan asara.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, magana ɗaya ake maimaitawa: ba su sanye da rigar kariya. Gaskiya ne. Sai dai tafiyar da na yi kwana biyu bayan suna ta nuna min cewa maganar ba ta ƙare a nan ba.

A bakin kogi

Muna da gwaggo a wani ƙauye kusa da gonar Yaya, tsufa ya hana ta zuwa suna, ya zama wajibi in je in gaishe ta. Yaya ya ɗauke ni a babur da sassafe. Muka bar kwalta, muka bi jar hanya mai santsi tsakanin gonakin riɗi da masara, har muka iso inda hanya ta ƙare a bakin ruwa. Ruwan ja ne kamar an dama kunun kanwa, yana gudu shiru, yana ɗauke da ciyayi da rassan itatuwa. Faɗinsa bai kai a ce ya ba da tsoro ba, kana iya gane fuskar wanda ke tsaye a tsallake. Irin wannan ruwan ne mutane suka fi rainawa.

Mai fiton dattijo ne, kwale-kwalensa na katako, yana tura shi da gwangwala. A gindin wata bishiya ya rataye rigunan kariya guda shida. Mu kuwa da muke jira mun kai goma sha huɗu, ban da babura biyu da buhunan taki. Ba wanda ya miƙa hannu ya ɗauki riga. Wani saurayi ya ce shi a ruwa ya girma. Wata mata ta ce tana da zafi kuma kowa ya saka ta, warin gumi take yi. Wani dattijo ya ce idan kwana ya ƙare ko riga goma ka saka sai ka tafi. Mai fito bai yi musu da kowa ba, ya dai raba mu kashi biyu, ya ce sawu biyu zai yi, wanda yake sauri ya yi haƙuri.

Na ɗauki riga ɗaya na saka. A gefena akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin ba, da goyon jariri a baya. Ita ma ta ɗauka, ta zura hannuwa, ta ja rigar ta rufe goyon, ta bar gaba a buɗe domin ba za ta haɗu ba. Nan mai fito ya dakatar da ita.

Ya ce, "'Yata, kwance yaron nan ki riƙe shi a gaba."

Ta ce, "Baba, ai a baya ya fi zama lafiya, hannuna a sake."

Ya ce, "A tudu ke nan. A ruwa rigar nan rigingine take kwantar da mutum. Idan fuskarki tana sama, tasa tana ina?"

Ta yi shiru, ta kwance goyon. Ni ma jikina ya yi sanyi, domin da ni ce da goyo, yadda ta yi haka zan yi.

Aikin da rigar ke yi

Kafin mu zo ga iyakarta, ya kamata ka san amfaninta, domin babba ne. Mutumin da nauyinsa ya kai kilo 70 a tudu, idan ya shiga ruwa, ruwan ne ke ɗauke kusan duk nauyin. Abin da ya rage kilo kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin shi ke raba wanda hancinsa ke sama da wanda nasa ke ƙasa. Soson da ke cikin rigar wannan ragowar yake ɗauka. Da ita, ba sai ka iya iyo ba kafin kanka ya tsaya a sama, ba sai ka yi ta fafutika da hannu da ƙafa har ƙarfinka ya ƙare ba.

Nutsewa ba ta zuwa da ihu kamar yadda muke gani a fim. Wanda bai iya ruwa ba, tsakanin daƙiƙa 20 zuwa 60 yake yi yana kokawa a sama kafin ya nutse, kuma sau da yawa ba ya iya kira, domin duk lokacin da bakinsa ya fito numfashi yake nema. Idan ƙwaƙwalwa ta rasa iska na minti huɗu zuwa shida, takan fara lalacewa. Jirgin ceto kuwa, ko yana gaɓa a shirye, da wuya ya iso cikin minti ɗaya. Wannan giɓin rigar ke cikewa. A Amurka, inda ake ƙididdige haɗurran jiragen ruwa na shaƙatawa duk shekara, rahotannin masu tsaron gaɓar teku sun sha nuna cewa fiye da takwas cikin goma na waɗanda suka nutse ba su sanye da rigar.

Wanda ya ce a ruwa ya girma, shi ma ya sani cewa iyo a rafi da gajeren wando daban, faɗawa ruwa ba shiri daban. Jirgi kan bugi mutum a kai lokacin kifewa. Babur ko buhu kan danne ƙafa. Mutum uku da ba su iya ruwa ba kan riƙe gwani ɗaya su tafi da shi. Babbar riga da zane da dogon hijabi kan nannaɗe ƙafafu da hannuwa. A irin wannan hali gwaninta ba ta da lokacin da za ta yi aiki.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta saka rigar ga duk fasinja, ta haramta lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. A shekarar 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta fara rabon riguna 42,000 ga jihohin da ke da koguna, aka ƙaddamar a Minna. Rabo abu ne mai kyau. Abin da ke faruwa da rigar bayan an raba, wannan yana hannunmu.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Na farko, rigar da ba ta jiki ba ta da amfani. Kwale-kwale ba ya sallama kafin ya kife. Wanda ya ajiye tasa a ƙarƙashin benci ko ya zauna a kanta da nufin zai saka idan abu ya faru, ba zai samu wannan damar ba, kuma saka ta a cikin ruwa abu ne mai wuya ko ga gwani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, rigar da ba a ɗaure ba. Ruwa sama yake tura rigar, nauyinka kuma ƙasa yake jan ka. Idan zif a buɗe yake ko maɗauran sun yi sako-sako, rigar za ta haye ta rufe maka fuska, ko ta zame ta kai ta tafi abinta. Bayan ka ɗaure, sa wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. Idan ta wuce haɓa ko kunnuwa, ba ta kama ka ba. Mace ta saka ta a saman hijabi, ta tattare ƙasan hijabin ta cusa ciki, kada ya zama igiyar da zai sarƙe ta.

Na uku, girma. Rigar babba ba ta ceton yaro, zamewa yake yi ta ƙasa. Ta yara tana da abin tallafe kai a wuya da maɗauri mai ratsawa tsakanin cinyoyi, kuma ana zaɓen ta ne da nauyin yaro, ba da shekarunsa ba. A rigunan nan shida da na gani a gindin bishiya babu ta yaro ko ɗaya, alhali yara huɗu ne a cikinmu. Uwar da ke yawan ƙetare ruwa da 'ya'ya, rigarsu ta fi ankon biki muhimmanci.

Na huɗu, ba duk riguna ne ɗaya ba. A jikin ta ƙwarai za ka ga lamba tare da harafin N: 50, 100, 150 ko 275. Mai lamba 50 tana ɗaga abin da ya kai kimanin kilo biyar, an yi ta ne domin wanda ya iya ruwa kuma yake kusa da gaɓa, ba ta juya wanda ya suma. Mai 100 ta fi ta, ta dace da ruwa mai kwanciya. Mai 150 ita aka tsara ta juya mutum fuskarsa ta dubi sama ko da ba ya cikin hayyacinsa. Wadda ba ta da lamba, ba sunan kamfani, ba bayanin nauyin da take ɗauka, ka yi hattara da ita. Akan samu waɗanda aka cusa wa tarkacen soso mai shan ruwa.

Na biyar, tsufa da wulaƙanci. Rana tana cinye yadin da zaren ɗinki. Man fetur yana lalata soso. Zama a kanta yana matse soson har ya daina ɗagawa yadda ya kamata. Rigar da aka mayar matashi ko shimfiɗar babur, launinta kawai ya rage.

Na shida, kuma shi ne babba, rigar tana riƙe ka a saman ruwa amma ba ta kai ka gaɓa. Ruwa mai gudu zai tafi da kai da rigarka. Idan ya kai ka cikin rassan bishiyar da ta faɗi, ƙarfinsa kan danne mutum a ƙarƙashi duk da rigar. Idan jirgi mai rumfa ne ya kife kana ciki, rigar kan manna ka da rufin, sai ka ja kanka da hannu zuwa mafita. Idan dare ne, ba wanda zai gan ka. Idan an daɗe ba a zo ba, sanyi yana shiga jiki, musamman na yara da tsofaffi. Kuma rigar ba ta hana jirgi kifewa. Jirgin mutum goma da aka loda wa talatin da babura zai nutse ko kowa yana sanye da sabuwa fil.

Gora da jarka

Muna tsakiyar ruwa na lura da jarkoki biyu masu lita 25 ɗaure a ƙarƙashin bencin gaba da na baya, da wata ƙarama mai lita biyar da doguwar igiya a hannunta. Na tambayi mai fito ko mai yake ajiyewa a ciki. Ya ce babu komai a cikinsu sai iska. Manyan domin idan ruwa ya cika jirgin su riƙe shi a sama, ƙaramar kuma ta jifa ce.

Dabarar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta kwance a kan manyan goruna suna yawo a Matan Fada. Jarka jikar gora ce. Mai lita 25, idan babu komai a ciki kuma murfinta ya rufu gam, tana iya ɗaga fiye da kilo 20, wato ta fi yawancin rigunan kariya ƙarfin ɗagawa. Amma riƙe ta ake yi da hannu. Tana da santsi, tana juyawa, hannu yana gajiya, wanda ya suma ya sake ta, uwa mai riƙe da yaro ba ta da hannun kama ta. Mai fito ya ce ya sha ganin jarka tana tafiya ita kaɗai a kan ruwa. Haka robar cikin taya da yara ke wasa da ita a rafi: ƙaya ɗaya ta ishe ta, kuma takan ja yaron da bai iya ruwa ba zuwa zurfin da ba zai taɓa zuwa da ƙafarsa ba.

Ko a ƙasashen da kayan aiki suka wadata, darasin bai canza ba. A Turai da Amurka akwai wani siririn kwale-kwale na mutum ɗaya da ake kira kayak, asalinsa na mafarautan Inuit ne na yankin ƙanƙara a arewacin duniya, yanzu kuma ya zama abin wasanni da yawon shaƙatawa. Masu tuƙa shi sukan cusa jakunkunan iska a gaba da baya domin kada ruwa ya cika shi, kamar dai jarkokin dattijon nan. Suna kuma da wata 'yar jakar iska da ake zura wa bakin itacen tuƙi, idan mutum ya faɗo sai ya dogara a kanta ya koma ciki. Masu koyar da su kullum suna jan kunne cewa wannan dabara a ruwa mai kwanciya take aiki, kuma ga wanda ya sha gwadawa. Igiyar ruwan da ta kifar da mutum da farko, tana nan tana jiran sa idan ya hau. Shi ya sa suke cewa kada a fita shi kaɗai, domin jirgin abokin tafiya ya fi kowace jakar iska.

Idan abu ya faru

Idan kana cikin jirgin da ya kife kuma kana sanye da riga, abu na farko shi ne ka kwanta rigingine ka bar numfashinka ya daidaita. Jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya idan kaya sun zube, don haka ka kama shi, ya fi kan mutum sauƙin hangowa daga nesa. Kada kowa ya taru a gefe ɗaya yana neman hawa, sake juyawa zai yi. Idan ruwa ya raba ka da jirgin, ka miƙe ƙafafunka ta inda ruwa ya nufa domin su fara haɗuwa da dutse ko kututture kafin kanka, kana karkata a hankali zuwa gaɓa. Kada ka yi ƙoƙarin tsayawa a ruwa mai gudu sai ya dawo ƙasa da gwiwa, ƙafa kan maƙale ruwa ya kwantar da mutum. Saki kaya. Buhu da jaka da waya duk ana sake samu.

Idan kuma kai ne a gaɓa, kada ka yi tsalle ka faɗa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma kai ne takobin. Gidaje da yawa sun yi rashin mutum biyu a rana ɗaya ta wannan hanya. Ka yi kururuwa a taru. Ka miƙa masa gwangwala ko reshe ko zane ko rawani, kana kwance a ƙasa domin kada ya jawo ka. Idan ya yi nisa, ka jefa masa jarka mai igiya, an ɗan zuba ruwa kaɗan a ciki domin ta yi nauyin jifa. Idan ya fi haka nisa, a bi shi da jirgi, a jawo shi ta goshin jirgin ko ta bayansa, ba ta gefe ba.

Bayan an fito da shi, a manta da al'adar danna ciki ko ɗaga yaro a juye domin ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne, kuma yakan jawo amai ya shiga huhu. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. Idan ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, kimanin sau 100 zuwa 120 a minti, a hura sau biyu, a ci gaba da haka har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Ƙaramin yaro da hannu ɗaya ake danna masa, jariri da manyan yatsun hannu biyu, kuma bakinka ya rufe bakinsa da hancinsa tare. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. A kira 112 idan akwai sabis. Ko ya tashi ya ce ya warke, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsalar numfashi bayan wasu awanni. Karanta wannan a jarida bai kai gwadawa da hannu ba. Ka roƙi ma'aikatan asibitin unguwarku ko 'yan ƙungiyar Red Cross su nuna wa ƙungiyarku ta mata ko ta matasa.

Komawa Shabu

Mun gaida Gwaggo, ta cika mu da gyaɗa da addu'a. Ta so mu tsaya mu ci tuwon dare, Yaya ya ce mai fito yana ɗaure jirginsa kafin magariba, ko kuɗi nawa za ka ba shi ba ya kwancewa. Muka ƙetare da sauran rana.

A bakin gaɓa, inda ruwa ya kwanta bai wuce ƙirji ba, na roƙi Yaya ya gwada rigarsa, mai fito yana tsaye a kusa da gwangwala a hannu. Ya yi dariya, ya kwance ta daga babur, ya saka, ya shiga, ya ɗaga ƙafafunsa. Maɗauri ɗaya ya tsinke nan take. Rigar ta haye har kunnuwansa, ruwa ya kai masa baki. Ya miƙe tsaye yana tari. Da aka ba shi ɗaya daga cikin na gindin bishiya ya ɗaure ta tamau, sai ga shi kwance a kan ruwa, fuska a sama, hannuwa a sake. Bai ce komai ba har muka hau kwalta. Muna shiga Shabu ana kiran sallah, ya ce min ranar kasuwa zai shiga Lafiya ya nemi sabuwa, da ƙarama guda biyu na yaran da ke bin sa gona.

Mai karatu, idan kai ko wani naka yana ƙetare ruwa a wannan damina, ka duba abin da ke hannunka. Ka saka rigar tun kana tudu, ka ɗaure ta. Ka gwada taka a ruwa marar zurfi, da wani a kusa, kafin ranar bukata. Ki kwance goyo kafin ki shiga jirgi. Ka ƙirga mutane da kaya, idan bakin jirgin ya kusa shafar ruwa ka jira sawu na gaba, ko da za a yi maka dariya. Kada ka hau bayan faɗuwar rana ko hadari yana haɗuwa. Ka tambayi mai fito ina igiyarsa da jarkarsa, kuma wa ke gaɓa da zai biyo ku idan abu ya faru.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.